Babi na Bakwai: Awa Nawa Matuƙin Jirgin Yaƙi Yake Yi a Sama?

Tun da matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari a gabashin Sakkwato da Zamfara, kunnen mutanen birnin Shehu ya saba da wata ƙara da a da sai a daɗe ba a ji ta ba. A Gidan Igwai, idan jirgin yaƙi ya gifta da hantsi, yara kan bar wasa su ɗaga kai, 'yan kabu-kabu da ke teburin mai shayi kuma su sami abin gardama. Kafin a gano ta ina ya bi ya riga ya ɓace, amma maganarsa sai ta kai azahar. Za ka ji wani dattijo ya ce: "Yaran ga, in da gaske suka yi, mi ka hana su wuni bisa? Ga jirgi, ga mai, ga daji." Wani saurayi ya amsa masa: "Baba, ai kullum suna sama, mu ne dai ba mu gani."

Daga Baba har ɗan nasa, kowa ya yi wa lissafin nisa. Ƙungiyar tsaro ta NATO, wadda ta tara ƙasashe mafiya arzikin jiragen yaƙi a duniya, abin da ta gindaya wa matuƙinta shi ne awa 180 a shekara. Wato awa 15 a wata, ƙasa da awa 4 a mako. Ɗan kabu-kabun da ke fita bayan asuba ya koma gida bayan magariba, cikin kwana 15 ya cika abin da ake fatan wannan matuƙi ya yi a shekara guda. Kuma awa 180 ɗin ma buri ce. Ƙasashe da dama cikin ƙungiyar ba sa kai wa gare ta. A 2019 gwamnatin Jamus ta amsa cewa a shekarar da ta gabata, cikin matuƙanta 875, mutum 512 ne kawai suka cika ƙa'idar. Jamus fa, wadda jami'anta ne suka taimaka aka kafa rundunar sojin saman Najeriya a 1964, har Bajamushe Kanar Gerhard Kahtz ya zama shugabanta na farko.

Kafin a zargi kowa da lalaci, ya kamata a san abin da ke cikin awa ɗaya. Kowane matuƙi yana da kundinsa na tashi, littafi mai faɗi da aka ja wa layuka. A layi guda zai rubuta kwanan wata, da irin jirgin, da lambar da ke jikinsa, da ko shi kaɗai ne ko da malami, da ko rana ce ko dare, da aikin da aka tura shi, sannan a can ƙarshe ya sa tsawon lokacin. Galibi abin da za ka gani a wannan gurbi na ƙarshe bai wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Lokaci-lokaci kwamandansa ya duba ya sa hannu. Abin da layin ba ya nunawa shi ne wunin da aka kashe a kansa. Tun da safe an zauna an baje taswira, an ji bayanin yanayi, an tsara wa zai bi ta ina, nawa ne man da in ya rage dole a juyo, wane fili za a nufa in na gida ya rufe. Ya sa rigar da ke matse cinya da ciki, ya zagaya jirgin yana leƙa taya da bakin inji da maƙalan makamai, ya sa hannu a takardar makanikai. Bayan ya sauko kuma ba gida zai nufa ba. Za a koma ɗaki a kunna abin da na'ura ta naɗa, a bi shi daki-daki, a nuna wa kowa kuskurensa ba tare da duba girman muƙami ba. Sau da yawa wannan zama ya fi tashin kansa tsawo.

Ita ma awar ba ta zaman kujera ba ce. Idan jirgi irin F-16 ya yi juyi mai tsanani, nauyin jikin matuƙi kan iya ninkawa har sau tara. Jini ya bar kai ya gangara ƙafafu, ido ya fara duhu, sai ya ɗaure ciki da cinyoyi yana numfashi a guntule don kada ya suma. Wanda ya yi wannan sau biyu a wuni ya yi aiki, wuyansa da bayansa za su gaya masa da dare.

Saboda haka kuskure ne a ɗora kundinsa kusa da na matuƙin da ke kwasar alhazai daga filin jirgin Sultan Abubakar na Uku zuwa Madina. Wannan tafiya ɗaya tana cin awa biyar ko fiye. Zuwa da dawowa, ya yi abin da matuƙin yaƙi a ƙasashe da yawa zai yi a wata guda. Shi matuƙin fasinja doka ce ma take taka masa birki: a Turai ba a yarda ya wuce awa 900 a shekara ba, a Amurka 1,000. Zai iya yin ritaya da awa 20,000. Matuƙin yaƙi kuwa in ya tara 2,000 zuwa 3,000 a tsawon aikinsa, ana kallonsa a matsayin wanda ya goge. Lokacin da wani Ba'amurke, Laftanar Kanar Michael Brill, ya cika awa 6,000 a kan F-16 a 2008, labari ne da ya zagaya duniyar matuƙa, domin ba a taɓa samun wanda ya kai haka a wannan jirgi ba. Ko a cikin runduna ɗaya, masu jan C-130 da jiragen manya suna barin 'yan uwansu na jiragen yaƙi a baya da dubban awoyi, kuma babu mai cewa sun fi su ƙwarewa. Aikin ne ba ɗaya ba.

To me ya sa wani yake samun 200, wani 100, wani 20? Amsar tana ƙasa, a rumfar gyara da ofishin kuɗi. Matuƙi ba shi da awa tasa ta kansa. Jirgi ne yake da awa, shi kuma rabonsa ake yankar masa. Mu ɗauki misali don lissafi kawai: ayari mai jirage 12, kowanne ana iya tayar da shi awa 300 a shekara. An sami awa 3,600. In matuƙa 20 ne, kowa ya tashi da 180 cif. In aka yaye sababbi suka zama 30, rabon kowa ya koma 120 ba tare da an taɓa komai ba. In jirage huɗu suka kwanta suna jiran kayan gyara daga waje, ya faɗo 80. Kuma ba a raba shi daidai wa daida. Malamai da jagororin ayari ne ke kwashe kaso mai tsoka, domin duk tashin da ƙaramin matuƙi zai yi sai da babba a gefensa. Wanda ya fi buƙatar awa, wato sabon shiga, shi ne ke ƙarshen layi.

Kowace awa kuma saye ake yi. Ofishin binciken kuɗi na gwamnatin Amurka ya ƙiyasta cewa awa ɗaya ta F-16 tana cin wajen dala 27,000, ta F-35 ta haura 40,000, in aka haɗa mai da gyara da ma'aikata. Mai shi ne ƙaramin ɓangare. Kusan kowane ƙarfe a jikin jirgi yana da wa'adi da ake ƙirgawa da awa ko da yawan sauka: inji, birki, taya, har harsashin da ke cilla kujerar matuƙi yana da ranar ƙarewa. Wa'adi na cika sai a cire, ko da a ido lafiyarsa lau. Gangar jikin ma haka take. An tsara F-16 a kan awa 8,000, daga baya aka yi wa wasu aiki don su kai 12,000. Don haka kwamandan da ya saki hannu bana yana cin rabon baɗi ne. A bayan kowace awa guda ta sama akwai awoyi masu yawa na makanikai da injiniyoyi, mutanen da ba a sa hotonsu a jarida, kuma horar da gwaninsu yana ɗaukar shekaru kamar na matuƙin.

Najeriya ta ɗanɗana wannan darasi da tsada. A 1975, lokacin da kuɗin fetur ke ambaliya, aka sayo MiG-21 daga Tarayyar Sobiyet. Farkon shekarun 1980 aka kawo Alpha Jet 24, a 1984 kuma Jaguar 18 daga Ingila, jirgin da a wancan zamani kowace ƙasa za ta yi alfahari da shi. Sai farashin mai ya faɗi, aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, naira ta zube, kayan gyaran da ake biya da fam da dala suka gagara. Zuwa farkon shekarun 1990 an ajiye Jaguar gaba ɗaya a Makurɗi, ba su ko tsufa ba. MiG-21 ma suka bi sahu. Ga kuma siyasa. A watan Disamba 1985 aka bankaɗo zargin juyin mulkin da aka danganta da Manjo Janar Mamman Vatsa, kuma cikin waɗanda aka harbe ranar 5 ga Maris 1986 akwai hafsoshin sojin sama. Masu bin tarihin rundunar da yawa suna ganin tun daga nan masu mulki suka daina sakin jiki da ita. Shugaban da ya hau ta bakin bindiga ba ya son jin ƙarar jirgin yaƙi a saman fadarsa, kuma hanya mafi sauƙi ta kwantar da hankalinsa ita ce a bar jirgin babu taya. Bayan kashe Ken Saro-Wiwa a Nuwamba 1995 Tarayyar Turai ta ƙaƙaba takunkumin makamai, wanda bai tashi ba sai 1999. Alpha Jet ne kawai suka yi ta fama, su ne a Laberiya, su ne a Saliyo ƙarƙashin rundunar ECOMOG. Matasan da suka shiga aikin a waɗannan shekaru da burin tuƙi, da yawansu sun ga ƙuruciyarsu ta wuce a ofis.

Wannan rashi ba ya ƙarewa ranar da aka sayo sabon jirgi. Wanda bai tashi ba yana ɗan shekara 25, ba zai zama malami yana ɗan shekara 35 ba. Lokacin da Boko Haram ta kama garuruwa a 2014, giɓin da aka bari tun shekarun 1990 yana nan yana jira.

Ba mu kaɗai ba ne. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, matuƙan yaƙin Rasha sun yi shekaru suna samun wajen awa 20 a shekara, sai da aka daɗe kafin su farfaɗo zuwa 100 da ɗoriya. Afirka ta Kudu ta sayi Gripen 26 daga Suwidin, amma daga ƙarshen 2021 ta yi kusan shekara guda babu ko ɗaya da ke tashi, saboda ba a sabunta kwangilar gyara ba. Maƙwabciyarmu Nijar ta sayi Su-25 guda biyu a 2013. Mai jirgi biyu, ran da ɗaya ya shiga gyara rabin ƙarfinsa ya tafi. Mu ma JF-17 da aka karɓa daga Pakistan a watan Mayu 2021 guda uku ne, kuma lissafin uku bai fi na biyu daɗi sosai ba. Hatta Amurka: a Afrilu 2013 rikicin kasafin kuɗi ya sa ta dakatar da ayari 17 na jiragen yaƙi na tsawon watanni. Matuƙanta da a shekarun 1980 suke wuce awa 200, a 'yan shekarun nan suna kewayen awa 10 a wata. Kwamitin da majalisar ƙasar ta kafa ya ba da rahoto a Disamba 2020 cewa daga 2013 zuwa 2018 haɗurran da ba na fagen fama ba sun ci rayuka 198 da jirage 157, kuma ya sa ƙarancin tashi da gajiyar makanikai cikin manyan dalilai. Kuɗin da aka ce an tsimi a wajen awa, an biya shi a wani wuri.

Dalilin haka shi ne gwanintar tana dusashewa da sauri. Shi ya sa kowace runduna take da ƙa'idar cewa in ka yi kwana kaza ba ka sauka da dare ba, ko ba ka jefa makami ba, ba za a sake ka kai kaɗai ba sai ka sake fita da malami. Wannan fita ta maimaici daga rabon wani za a cire ta. Ayarin da ya kwanta wata uku, wata ukun ba su ne asararsa duka ba.

Sai kuma abin da babu mai saye ko sayarwa, wato sararin Sakkwato kanta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele a Chadi ta shimfiɗa ta a kanmu. Duk wanda ya taɓa zuwa filin jirgi a Janairu aka ce masa jirgin Abuja ba zai sauka ba saboda hazo, ya san zancen. Akwai ranakun da ba a ganin abin da ya wuce mita 1,000. Jirgin fasinja buƙatarsa ya ga titin sauka kawai. Matuƙin yaƙi sai ya ga abin da aka aike shi nema a cikin daji, ya bambanta babur da saniya, ya kuma dawo ya sami titin. Ƙurar tana cin fukafukan cikin inji a hankali, ta matso da ranar gyara kusa. Hazo na yayewa sai bazara ta kama, Afrilu ta zo da zafin da ke haura maki 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya ba da ƙarfinsa duka, jirgi na buƙatar titi mai tsawo, wani lokaci sai an rage mai ko makami kafin ya ɗaga. Makanikin da ke aiki a kan kwalta da tsakar rana, ƙarfen jirgin ma ba ya taɓuwa da hannu. Damina ta shigo da hadarin gabas mai tasowa da la'asar, wanda babu matuƙi mai hankali da ke kutsawa cikinsa, ga ciyawa da ganye sun rufe dajin. In ka cire waɗannan ranaku daga kalanda, shekarar matuƙi a Arewa maso Yamma ta gajarta tun kafin a zo maganar kuɗi.

Irin jirgin ma yana sauya lissafi. F-7 da aka sayo daga Sin, 15 da aka ƙulla cinikinsu a 2005, jikan MiG-21 ne: ga gudu, ga shan mai, ga ƙaramin tanki. An ƙera shi don ya tashi a guje ya tare jirgin abokin gaba ya dawo, ba don ya yi ta shawagi a kan dajin Zamfara yana jiran wani ya fito daga ƙarƙashin itace ba. Super Tucano kuwa mai farfela ne, tafiyarsa wajen kilomita 500 a awa, amma da ƙarin tankuna yana iya wuce awa shida a sama, kuma kuɗin awarsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na F-16 ba. Matuƙa biyu za su iya fita sau ɗari-ɗari a shekara, ɗaya ya rubuta awa 90, ɗaya 300. Wane ne ya fi aiki? Na F-7 ya tashi sau ɗari ya sauka sau ɗari kamar ɗan uwansa, kuma saukarsa ta fi hatsari. Akwai kuma nisa. Gidan Super Tucano yana Kainji, wajen kilomita 350 daga Sakkwato in an miƙe. Zuwa da dawowa kaɗai sun ci kusan awa ɗaya da rabi, kundi zai rubuta su, amma ba su ƙara wa matuƙi wata dabara ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake matso da jirage sansanonin Katsina da Sakkwato tun zamanin farmakin Diran Mikiya na 2018, zuwa Hadarin Daji, zuwa Fansan Yamma.

A nan ne nake ganin masu yawan ambaton lambobi suke ɓata. Yaƙi yana kumbura kundi. Matuƙin da ke aiki a Maiduguri ko Katsina zai iya tara awoyin da takwaransa na Turai zai yi sha'awa. Amma yawancinsu abu ɗaya ne ake maimaitawa: tashi, shawagi, jiran umarni, jefa makami ko fasawa, dawowa. A wannan fanni ya zama gwani na gaske. Sauran fannonin, kamar karawa da wani jirgi ko kauce wa makami mai linzami, suna nan suna tsatsa, domin jirgin da za a yi atisaye da shi yana bakin daga. Amurkawa sun koka da haka bayan shekarun Iraƙi da Afghanistan. Har ila yau jirgin da ke fagen fama ba ya koyar da ɗalibi, malamin da aka tura daga ba ya aji. Ƙasar da ke yaƙi da jirage kaɗan tana cinye irin shukarta ne, kamar yadda Jamus da Japan suka yi a Yaƙin Duniya na Biyu. Zuwa 1944 sabon matuƙin Jamus yana isa fagen fama da abin da bai kai rabin awoyin takwaransa na Ingila ko Amurka ba, saboda babu mai, babu malamai, kuma da yawansu ba su wuce fitowar farko-farko ba. Amurka ta lura a Biyetnam cewa wanda ya tsira daga fita goma na farko, damar rayuwarsa tana ƙaruwa sosai. Shi ya sa ta ƙirƙiro atisayen Red Flag a 1975 a hamadar Nebada, don matuƙi ya yi waɗannan goma a gida, inda kuskure ba ya kisa.

Wani abin ma ba ya shiga kundi ko kaɗan. Ranar Lahadi 18 ga Yuli 2021, saura kwana biyu Babbar Sallah, Filait Laftanar Abayomi Dairo yana dawowa daga farmaki a iyakar Zamfara da Kaduna cikin Alpha Jet, 'yan bindiga suka buɗe masa wuta daga ƙasa har jirgin ya gagara riƙewa. Ya ja hannun kujera ta cilla shi, ya sauko da lema a tsakiyar yankin mutanen da ya gama jefa wa wuta. Bisa bayanin rundunar, ya ɓuya har duhu ya shiga, ya yi amfani da wayarsa wajen gane hanya, ya yi ta tafiya har ya isa wani sansanin sojan ƙasa. Shawarar barin jirgi ana yanke ta ne cikin daƙiƙa biyu ko uku, kuma hannu ba ya zuwa wurin da ya dace sai in an sa shi ya je can sau ɗaruruwa a ƙasa. Rundunar ta tsira da matuƙinta, wanda ya fi jirgin wuyar samu. Amma Alpha Jet ɗaya ya fita daga lissafi, bayan wanda ya ɓace a Borno ranar 31 ga Maris na shekarar, kuma duk awoyin da suka rage a jikinsu sun fita daga rabon sauran matuƙa. Kwana huɗu bayan haka, ranar 22 ga Yuli, Super Tucano shida na farko cikin 12 suka sauka a Kano, cinikin kusan dala miliyan 500 wanda ya haɗa da makamai da kayan gyara da horon matuƙa a sansanin Moody na jihar Jojiya. Mutane sun yi ta raba kuɗin gida 12 suna cewa an yi tsada. Ni kuwa ɓangaren da ba ya tashi sama, wato gyara da horo, shi ne na fi ganin darajarsa, don shi ne aka rasa a zamanin Jaguar.

Mutanen Sakkwato suna da dalilin da ya fi son sani na damuwa da wannan batu. Ranar 25 ga Disamba 2024 wani farmaki ta sama da aka ce an auna 'yan bindigar Lakurawa ya faɗa wa ƙauyukan Gidan Sama da Rumtuwa a ƙaramar hukumar Silame, aƙalla mutum 10 suka rasu. Kafin nan an yi irin wannan kuskure a Rann a Janairu 2017, an kuma yi a Tudun Biri a Disamba 2023, wanda jirgi mara matuƙi na sojan ƙasa ne ya yi shi. Ba zan ɗora waɗannan a kan ƙarancin awa ba. Sau da yawa matuƙi yana jefa makami daidai inda aka ce masa, matsalar tana wajen wanda ya kawo labari da wanda ya tabbatar da shi. Abin da nake cewa shi ne akwai irin awar da talaka ya fi buƙatar a saya masa: wadda matuƙi da mai ba shi bayani daga ƙasa da mai kallon hoton na'ura suke atisaye tare, har su saba da kamannin rugar Fulani, da taron biki, da ayarin 'yan sa-kai masu babura da bindigogin gargajiya, har kuma ƙaramin hafsa ya sami ƙarfin halin cewa bai gamsu ba, ya dawo da makaminsa. Irin wannan awa tana da tsada kamar kowace, ba ta kuma samar da sanarwar nasara da za a karanta a rediyo, don haka ita ake fara yankewa.

Na'urar kwaikwayon tuƙi tana rage wani abu. Ɗaki ne da aka gina kamar cikin jirgi, da allo kewaye, inda malami zai kashe maka inji ko ya kunna maka gobara sau goma kafin azahar. Cikin awa 180 na NATO an yarda 40 su kasance a irin wannan ɗaki. Ba ta dai iya danna mutum a kujera da nauyin jikinsa sau shida, ba ta kuma iya sa masa tsoro. Tana kuma buƙatar wuta da sanyi da kwangilar gyara, wato ita ma tana iya kwanciya kamar jirgin.

Sauran abin da ke rage awa shi ne girma. Yaron da ya fito daga makarantar horon hafsoshi ta Kaduna zai fara da ƙananan jirage irin Super Mushshak a makarantar tuƙi ta 401 a Kaduna, ya wuce ta 403 a Kano ya hau L-39, in an zaɓe shi ya tafi Kainji ya koyi faɗa. Ta irin wannan doguwar hanya, da ƙarin horo a Amurka, Kafayat Sanni ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi a Najeriya a Oktoba 2019. Shekarun da suka biyo bayan samun fiffike su ne na cika kundi. Daga nan sai kwas a Jaji, sai ofis a Abuja, sai tebur da fayil. Kamfanonin jiragen fasinja kuma suna gefe suna jiran gwanin da gwamnati ta kashe miliyoyi a kansa.

An yi odar M-346 guda 24 daga Italiya don su gaji Alpha Jet. In aka ba kowane jirgi biyu matuƙa uku, ana maganar mutum 36. In ana son kowannensu ya kai ma'aunin NATO, awa 6,480 ke nan a kowace shekara, da kuɗin waje, har tsawon rayuwar jiragen, ban da na malamai da ɗalibai. Su kuma waɗannan 36 sai sun bi ta Kano tukuna, inda L-39 da za su koyi tuƙi a kai aka fara kawo su tun 1986, kafin a haifi ko ɗaya daga cikin ɗaliban.